Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin sandikar masu manyan motoci da direbobi na Damagaram, a kan gazuwal da maganin kwalba

Assalamu alaikum warahmatullah.

Iyayena shugabanni, Alhazai masu motoci, da 'yan'uwana direbobi, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a kan 'yan kwalaben nan da suka cika shagunan kayan mota da tashoshinmu, waɗanda ake tsiyaya wa tankin gazuwal da sunan za su ƙara wa inji ƙarfi, su rage masa shan mai, su kuma wanke masa ciki. Sana'ata gyaran famfon mai da injekta ce, don haka abin da ke isowa teburin irinmu shi ne ragowar ɓarna bayan mai ya gama aikinsa. Na zaɓi in yi maganar a bainar jama'a saboda ba ta masu tirela kaɗai ba ce. Mai injin niƙa a Garin Malam, da mai lambun da ke ban ruwa a Miriya, da mai shagon da ke wuni da janareto a kasuwar Dole, duk gazuwal ɗaya suke saye da ku, sai dai ba su da ƙungiyar da hukuma ke saurara kamar yadda take sauraron taku.

Matsayina shi ne, ingancin man da aka zuba shi ke yanke wa inji hukunci. Kwalba tana da ɗan aikin da take yi a wasu lokuta sanannu, amma ba ta mayar da gurɓataccen mai ya zama mai kyau, ba ta kuma ƙara wa lafiyayyen inji ƙarfin da maƙerinsa bai sa masa ba. Kuɗin da 'ya'yan ƙungiyarku ke kashewa a kanta ya fi cancanta da filta ta gaskiya da kayan gwajin mai.

Injin gazuwal, tun daga wanda Rudolf Diesel ya tayar a Jamus a 1897 har zuwa na motocin da ke shigo mana yau, ba ya aiki da tartsatsin wuta kamar na esansi. Fistin ne ke matse iska har zafinta ya haura digiri 500, sannan injekta ta fesa mai a cikinta, man ya kama da kansa. Tsakanin fesawa da kamawa akwai ɗan jinkiri, kuma wannan jinkiri ne ake aunawa da lambar setan. Idan lambar ta yi sama, man yana kamawa da wuri, inji ya tashi ba gardama ko da sanyin asuba ne. Idan ta yi ƙasa, man yakan taru kafin ya kama, sai ya kama gaba ɗaya, a ji inji yana ƙwanƙwasa, a ga farin hayaƙi. Ƙa'idar Turai mai suna EN 590 ba ta yarda lambar ta gaza 51 ba, ta Amurka kuwa ta tsaya a 40. Akwai sinadarin gaske da ke ɗaga wannan lamba da 'yan maki, matatun mai ma suna amfani da shi, kuma wasu kwalaben suna ɗauke da shi. Amma setan saurin kamawa take aunawa, ba yawan ƙarfin da ke cikin lita ba, don haka idan man ya riga ya kai abin da injin ke buƙata, ƙarin ba ya haifar da wani abin da mai mota zai gani a aljihunsa.

Ku masu lissafi ne, don haka mu yi lissafi. Kwalba mai rubu'in lita a cikin tankin lita 200 kashi ɗaya ne cikin 800. Ko da abin da ke cikin kwalbar ya ninka gazuwal ƙarfi, abin da ba haka ba ne, wannan ɗan ɗigon ba zai ja tirela mai kaya ta haye tudu ba. A watan Agustan 2022 litar gazuwal ta tashi daga sefa 538 zuwa 668, a watan Yulin 2024 aka sauko da ita 618. A wannan farashi na ƙarshe, lita 200 ta kama sefa 123,600. A ce kwalbar jika biyar ce: sai ta rage wa motar shan lita takwas a kowane cikon tanki kafin ta biya kuɗin kanta, tun ba a zo maganar riba ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada kayayyaki fiye da 100 da masu su suka ce suna rage shan mai, wasu na ɗaurawa a inji, wasu na zubawa a tanki, ba ta samu wanda ya kawo ragin a-zo-a-gani ba. Akasarin gwajin a kan motocin esansi aka yi shi, amma alkawarin da ke jikin kwalaben iri ɗaya ne da wanda ake yi mana yau.

Na san akwai direban da zai rantse cewa ya zuba ya kuma ji canji, kuma ba ƙarya yake yi ba. Ramukan bakin injekta ƙanana ne ƙwarai, faɗin kowanne bai wuce na gashin kai biyu ko uku ba, kuma a hankali baƙin dauɗa yakan taru a bakinsu har feshin ya karkace, mai ya riƙa zuba maimakon ya watsu, mota ta yi nauyi, hayaƙi ya yi baƙi. Maganin wanki na ƙwarai yana iya narkar da wani ɓangare na wannan dauɗa, sai motar ta koma kusa da yadda take a da. Abin da direban ya ji ke nan: ƙarfin da ya ɓace ne ya dawo, ba sabo aka ƙara ba, kuma da zarar an wanke, ci gaba da zubawa a kowane tanki ba ya ƙara komai sai kashe kuɗi. Sau da yawa kuma ranar da aka zuba kwalbar ita ce ranar da aka yi juye, aka canza filtar mai da ta iska, aka gyara iskar tayoyi, amma yabon duka sai ya tafi ga kwalba domin ita ce baƙuwa. In kuwa bakin injektar ya riga ya cinye, babu ruwan da zai mayar da ƙarfen da ya tafi.

Abin da ke cinye ƙarfen nan shi ne inda nake roƙon ku tsaya ku duba da kyau, domin nan ne asararmu take. Tsofaffin motocin Mercedes da Land Cruiser masu famfon inji zalla suna da haƙuri, sukan sha abin da aka ba su su yi ta tafiya, kuma su ne suka saba mana da sakaci. Motocin da ke maye gurbinsu yanzu, tun daga Hilux ta zamani har zuwa sababbin tireloli, kwamfuta ke sarrafa feshinsu, kuma suna matse mai da ƙarfin da ya kai bar 1,600 zuwa 2,000 ko fiye (bar ɗaya kusan matsin iskar da ke kewaye da mu ne). Tazarar da ke tsakanin ƙarafan da ke gogar juna a cikin injektarsu ba ta wuce mikron biyu ko uku ba, alhali kaurin gashin kai ɗaya ya kai wajen mikron 70. Ƙurar hunturu da ke sauko mana daga arewa maso gabas garin yashi ce, ta fi yawancin ƙarafa tauri, kuma wadda ke yin ɓarnar ido ba ya ganinta. Tana shiga ta bakin tanon da aka bari a buɗe, ta mazurarin da aka ajiye a ƙasa, ta tiyon da aka ja a cikin yashi, ta murfin tankin da aka maye gurbinsa da tsumma. Ƙyallen da ake shimfiɗawa a bakin mazurari yana tare ciyawa da ɓawon tsatsa, amma ƙurar da ke kashe injekta wucewa take yi abinta. Furar da yashi ya shiga, sukari ba ya fitar da shi, kuma babu kwalbar da ke narkar da ƙura. Filta ce kawai ke tare ta, ita ma sai ta gaskiya wadda aka yi wa wannan injin, ba mai kwali iri ɗaya da ciki daban ba.

Ruwa shi ne na biyu, kuma ya fi ƙura wayo. Ƙa'idar Turai ba ta yarda ya wuce kashi 200 cikin miliyan ba. A nan kuwa yana da ƙofofi da yawa: ruwan sama da ke malala cikin rijiyar gidan mai idan murfinta ya lalace, raɓar da ke taruwa a cikin tankin da ya kwana rabi idan zafin rana ya juya zuwa sanyin dare, da tanon da aka wanke ba a bari ya bushe ba. Ya fi gazuwal nauyi, don haka yakan kwanta a ƙasa, ya ci tanki da tsatsa, kuma a daidai inda ya haɗu da mai wasu ƙwayoyin halitta sukan yi gida su hayayyafa, su zama baƙin yauƙin nan da ke toshe filta a tsakiyar hanya. Akwai maganin da ke kashe su, kuma yana aiki, amma gawarwakinsu ba sa ɓacewa, filtar za su je su toshe, sannan idan ba a zubar da ruwan ba sai su dawo. Mafi haɗari su ne kwalaben da ake cewa suna shanye ruwa, domin da yawansu giya-giya ne ke cikinsu, mai haɗa ruwan da man ya wuce da shi ta cikin matatar da aka sa don ta raba su, ya kai shi har cikin famfo. Ruwa ba ya da santsi, kuma famfon gazuwal da man da yake turawa yake shafe kansa. Kwance ɗan kusar da ke ƙasan matatar ruwa da safe, a bar ruwan ya tsiyaye, ba ya cin ko dala.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, wato tano ko bokiti mai rufin tutiya irin na kwanon rufi. Gazuwal yana ɗan narkar da tutiya, ita kuma tana taruwa a bakin injekta da sauri, har ma a Turai idan ana son a toshe injekta da gangan don a gwada maganin wanki, tutiya kashi ɗaya cikin miliyan ake sa wa man.

Sai maganar algus. Idan aka haɗa gazuwal da kananzir, man yakan yi ruwa-ruwa, santsinsa ya ragu, ƙarfin da ke cikin lita ya sauka, famfo ya riƙa cin kansa a hankali ba tare da direba ya ji komai ba sai ranar da mota ta ƙi tashi. Idan esansi ne ya shiga, lamarin ya fi muni, domin yana karya setan, sannan yana mayar da man mai saurin kama wuta: gazuwal na ƙwarai ba ya fitar da tururin da ke kamawa sai zafinsa ya haura digiri 55, esansi kuwa yana fitarwa ko a tsananin sanyi. Ba na ɗora wannan laifi a kan 'yan ruwa-ruwa a dunƙule, domin da yawansu abinci suke nema, kuma a hanyar Tanut zuwa Agadas ko ta Gure zuwa Diffa akwai inda in ba su ba mota kwana za ta yi. Abin da nake cewa shi ne, duk hannun da mai ya bi, daga tanka zuwa rijiya, daga rijiya zuwa tano, daga tano zuwa bido, wata ƙofa ce ta ƙura da ruwa da haɗi, kuma a yau mai saye ba shi da abin dubawa sai launi da wari.

Kada in manta da maganin gida da wasu ke yi, na zuba baƙin man da aka juye daga inji ko jan man giyar mota a cikin tanki, wai don famfo ya samu santsi. Man juye cike yake da toka da garin ƙarfe, wato ainihin abin da ake sa filta don ta tare. Wannan al'ada ya kamata sandika ta hana ta kai tsaye.

Maganar santsin tana da tushe, kuma tana haɗe da ta farar wuta, wato sulfa. Farar wutar da ke cikin gazuwal idan ta ƙone takan haɗu da danshi ta zama asid mai cin silinda, ta gajarta kwanakin baƙin mai, ta kashe matatun hayaƙin sababbin motoci, sannan hayaƙinta ya shiga ƙirjin yaran tasha da masu talla. Turai ta sauko da ita zuwa kashi 10 cikin miliyan tun 2009. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta auna man gidajen mai a ƙasashen Afirka takwas, ta samu gazuwal da farar wutarsa ta ninka iyakar Turai har sau 378. A watan Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, suka amince a Wagadugu cewa kada ta wuce kashi 50 cikin miliyan. Ƙasarmu ta fita daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, amma injinan da muke saye ba su canza buƙatarsu ba. Sai dai tacewar da ke cire farar wuta tana tafiya da wasu sinadaran da ke ba man santsi, kamar yadda Suwidin ta gani a farkon shekarun 1990 lokacin da famfunan motoci suka riƙa lalacewa bayan ta fito da gazuwal mai tsabta. Maganin da aka samo shi ne ƙarin sinadarin santsi, kuma yana aiki sosai, amma a matata ko a defo ake sa shi, da awo, bayan gwaji. Wannan shi ne gurbin ƙari na gaskiya: aikin mai tace man ne da mai rarraba shi, ba na direba da kwalba a bakin titi ba.

Wuri ɗaya da zan ce direba ya riƙe kwalba a mota shi ne tafiyar arewa da hunturu. Gazuwal yana da kaki a cikinsa, kuma idan dare ya yi sanyi ƙwarai, kamar yadda yake yi a Ayar da Tenere, kakin yakan daskare ya toshe filta. Maganin hana daskarewa yana taimakawa, muddin an zuba shi tun man yana da ɗumi, kafin kakin ya fito. A cikin garin Damagaram ba mu da wannan buƙata.

Iyayena, mu ne masu masaukin matatar ƙasa. Tun watan Nuwamban 2011 SORAZ ke aiki a hanyar Tanut, da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, da ɗanyen man da bututu ke kawowa daga Agadem, kamfanin CNPC na Sin yana da kashi 60 cikin ɗari, gwamnati tana da 40. Babu wani babban gari a Nijar da man ke yi wa gajeriyar tafiya kamar namu, don haka mu ne ya fi kamata mu san abin da muke zubawa. A al'adar wannan sana'a, kowane rukunin mai da ya fita daga matata ko ya shigo daga waje yana da takardar gwaji mai nuna nauyinsa, da setan, da farar wuta, da ruwa. Roƙona shi ne ku nemi zama da SONIDEP, kamfanin man fetur na ƙasa, da hukumar ARSE mai sa ido a harkar makamashi da ma'aikatar kasuwanci ta jiha, ku buƙaci a riƙa manna waɗannan alƙaluma a gidajen mai kusa da farashi, da Faransanci da Hausa, a kuma riƙa ɗiban samfur daga bakin famfo ba tare da sanarwa ba, domin takardar da aka rubuta a ƙofar matata ba ta shaidar abin da ya faru a rijiyar da ta shekara ba a kwashe ta ba. A wannan zama ku tayar da maganar kwalaben su ma. Da yawansu ba su da sunan maƙeri da adireshin da za a iya bi, ba su faɗi abin da ke ciki ba, wasu kuma rubutun jikinsu da harshen da mai sayarwa da mai saye duk ba sa karantawa. Wasu ma na esansi ne, aikinsu ɗaga oktan, wanda kishiyar setan ne, amma a kan kanta ɗaya ake jera su.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannunku. Litar gazuwal ta ƙwarai tana auna gram 820 zuwa 845 a zafin digiri 15, kananzir ya fi ta sauƙi, esansi kuma ya fi kananzir. Ɗan ma'aunin gilashi da ake tsomawa a cikin mai yana nuna wannan nauyi cikin minti ɗaya, sai dai a haɗa shi da ma'aunin zafi da jadawalin gyara, domin a zafin watan Afrilu kowace lita takan rage kusan gram 18, kada a zargi mai gaskiya a banza. Ba ya kama kowane irin haɗi, amma yana kama mai yawa. Akwai kuma wani man shafawa da ake sa wa sandar awo, wanda ke canza launi idan ya taɓa ruwa a ƙasan tanki. Waɗannan kaya da farar kwalba mai tsabta ta duba kwanciyar laka, kuɗinsu duka bai kai na injekta ɗaya ta motar zamani ba. Ku ajiye su a ofishin kowace babbar tasha, ku koya wa mutum biyu aiki da su, kowane ɗan ƙungiya ya samu damar kawo samfur.

Idan kuma wani dillali ya zo da kwalbar da yake cewa tana rage shan mai, kada ku kore shi, ku ce ya kawo a gwada. A ɗauki mota ɗaya, da hanya ɗaya, da kaya mai nauyi ɗaya, a cika tanki har baki a tashi, a sake cikawa a dawowa a rubuta, a yi sawu da yawa ana zubawa ana bari, ba tare da direban ya san wane sawu ne aka zuba ba, domin ƙafar mutum takan yi sauƙi a kan totur idan ya san ana auna shi. A ƙirga zuwa da dawowa tare, saboda motar da ta nufi Agadas da hunturu iska take tunkara, mai dawowa kuwa iskar ke tura ta. Malaman kimiyya na Jami'ar André Salifou suna nan cikin gari, ku gayyace su su riƙe lissafin, a kuma karanta sakamakon a taron ƙungiya, ko ya yi wa dillalin daɗi ko bai yi ba.

Mu ma kanikawa da namu aikin. Ina roƙon ku umarci 'ya'yan ƙungiyarku su riƙa karɓar rasit a duk inda suka sha mai, kowace mota ta samu ɗan littafin da ake rubuta ranar canza filta da inda aka cika tanki, mu kuma mu riƙa rubuta abin da muka tarar a cikin famfon da aka kawo mana, tsatsa ce ko yashi ko alamar rashin santsi, mu riƙa miƙa wa ofishinku a ƙarshen kowane wata. Da waɗannan takardu a hannu za ku shiga ofishin hukuma ku nuna hanyar da matsalar ta fi yawa da watan da ta fi tsanani. Duk ranar da kuka sa taron, a shirye nake in zo da lalatattun injektoci da gilashin ƙara girma, kowa ya duba da idonsa.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya ƙara wa Alhazai arziki mai albarka. Wassalamu alaikum.

Ɗanku,
wani mai gyaran famfon gazuwal,
Damagaram.